Feshin da Baba Ya Yi Mana

Zuwa ga Yayata,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara wa ƙafar nan taki sauƙi. Mu nan lafiya lau, Inna ta warke daga mura, 'yar autata kuma ta fara tafiya.

Yaya, kunya ce ta hana ni kiranki a waya. Kin san lambun shaƙatawar da nake aiki, inda yara ke wasa. Bana an hana mu feshin magani. Sai aka kawo wasu ƙananan ƙwari jajaye masu ɗigon baƙi, muka sake su cikin furanni don su riƙa cinye ƙwarin da ke tsotse ganye. Ni aka ba wa kula da su, ina ta hura hanci. Rannan Baba ya zo ganina, ya tarar ƙwari sun yi wa ganye caa. Ya juya ya koma gida. Ashe ya sa a ransa lalaci ne ya kama ɗansa, kuma korata za a yi. Washegari kafin mu iso ya goyo tsohon injin feshinsa na gona, mai gadi ya buɗe masa don ya san mahaifina ne, ya feshe wurin tas, har da jajayen namu.

Da shugabarmu ta tara mu tana neman wanda ya yi ɓarnar, Baba ya fito da fara'arsa ya ce shi ne, kuma ba sai an gode masa ba. Abokan aiki suka kwashe da dariya. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Don tsoron kada aikin ya suɓuce min, na ce a gaban kowa tsufa ne ke damunsa, a yi masa uzuri. Aikin ya tsira. Baba ya dube ni kawai, ya saɓa injinsa ya tafi.

Tun ranar bai tayar da maganar ba. Amma kullum da safe yakan zo ya durƙusa cikin furannin yana bi da hannu yana tsince ƙwarin ganyen da suka sake dawowa, tunda masu cin su sun mutu. Jiya na ce ya huta, ya ce in ƙyale shi, ai tsoho ba shi da wani aiki. Don Allah ki kira shi, ke yake ji. Ki roƙar min gafara, ni bakina ya yi nauyi.

Ki gaida maigida, da Gwaggo, da takwarar Inna.

Ƙanenki,
mai lambu