Gashin Cima

Litinin, 4 ga Nuwamba

Malaminmu Mushe Tanimu ya raba mana ekspoze, kowa zai tsaya gaban aji ya yi jawabi. Nawa: tallar kayan wasan yara, yadda take jan hankali. Wai in nemo abu uku: wa ke magana, wace hujja ya kawo, ina ya taɓa a zuciya. Ni da ban taɓa riƙe abin wasa na saye ba. Ƙawata Samira ta sami tallar sabulu, ita kam ta huta.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Samira ta turo mini wata talla a wayar Inna. Yarinya ce zaune da tsohuwar 'yar tsana ta tsumma, ta zumɓura baki. Sai kiɗa, sai kwali ya buɗe, ga sabuwa ta roba, gashi rawaya har gadon baya, tana cewa "Mama". Shi ke nan fa. Na yi ta kallo har caji ya ƙare, ban ga hujja ba, ban ga mai magana ba. Biba ƙanwata na liƙe da kafaɗata, goye da Cima.

Cima 'yar tsana ce, ni na yi mata ita da karan dawa, na yi mata kitso da baƙin zare. Har suna aka yi, yaran unguwa suka tuƙa tuwon ƙasa. Tun ranar Inna ba ta kiran Biba sai Uwar Cima.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Na rubuta cewa tallar ba da mu take ba, tunda ban taɓa ganin irin abin a kasuwar garinmu Buza ba. Mushe ya ja layi da jan bik a ƙarƙashin rubutun, ya ce, "Kin tabbata?" Ya wuce abinsa. Shi dai mutumin nan bai iya ba da amsa ba, sai tambaya.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Na tsinci Cima a turken awaki, akuya ta cinye mata ƙafa guda. Na kai wa Biba, ta mai da hannu baya.

"Wagga ba ɗiya ba ta, Yaya. Kara na."

Inna ta kira Uwar Cima, ta sake kira, yarinya ta ƙi waiwayowa. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma na rasa wanda zan yi fushi da shi. Ba wanda ya ce mata ta yar. Ni dai na san a kafaɗata ta gani.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Na sake kallo, ba murya, Biba ba ta nan. Ashe tsohuwar suka fara nunawa, a wuri mai duhu-duhu, kuma sun daɗe a kanta. Ba su ce a saya ba. Abin da ke hannunka suke fara muzantawa. Ko ni ce ke ƙaga wannan? Kuma hujja ce ko zuciya? Kaina ya ɗaure.

Talata, 12 ga Nuwamba

Na yi ekspozen. Na tafi da Cima, gurguwa, aji ya kwashe da dariya. Abubuwan nan uku suka gudu daga kaina, sai na faɗi abin da ya faru gidanmu kawai. Dariyar ta tsaya, ban lura da sa'ad da ta tsaya ba.

Mushe ya ce ban bi tsari ba. Sannan: "To, wa ke magana cikin tallar?"

Na ce ban sani ba, amma Biba ta ji shi.

Ya daɗe yana kallon Cima bai rubuta kome ba. Ban san ko na ci ko na faɗi ba.

Juma'a, 15 ga Nuwamba

Na sa wa Cima sabuwar ƙafa. Kitson ya yi datti, na kwance. Da aka tashi aji na dawo daga lakwal, na bi ta garkar maƙwabta inda suka shuka masara na roƙo gemun masara, mai laushi, rawaya, na ɗaura mata har gadon baya. Biba ta jujjuya ta, ta shafa kan, ta ce in kama mata zane ta goya. Na ji daɗi, ba ƙarya. Ta yi kyau. Ta ma fi... ban sani ba.

Inna ta dubi bayan Biba, ta dube ni.

"Baƙin zaren ya ƙare?"

Na ce i.

Yana nan cikin jakata, ko rabi ban ci ba.