Takalman Bature da Golanmu

Bukur, 9 ga Maris, 1955

Daga yayanka Bamalli zuwa ga Jibrin. Gaisuwa mai yawa. Yaya Asabe da yara? Ka ce wa Inna tarin ya yi sauƙi, sanyin nan ne kawai, kuma awon kuza bai fi ƙarfina ba tukuna.

Tun ina koyarwa a gida Abuja nake gaya muku ƙungiyarmu ta ƙwallo ba 'yan gaba ta rasa ba, gola ta rasa. Ba wanda ya saurare ni. Da Allah ya kawo Lukuman ɗan Diko, wanda ƙwallo ba ta wuce hannunsa, na ce an huta.

Jiya wani direba ya gaya mini wai wani Bature ya ba ku takalman ƙwallo, kuka baza su a fili, duk wanda suka yi wa daidai ya zama ɗan wasa. Ƙafar Lukuman ta yi girma, kuka sallame shi. Haba Jibrin! Kana wurin? Da ƙafa gola yake cafe ƙwallo? Ko tuwo kasa ci na yi.

A aiko mini da daddawa. Allah ya shirye ku.

Direban ya ce Bida ta ci mu biyar ba ko ɗaya, kuma Lukuman ne ya tsare musu raga.