Man da Za a Zuba wa Tsohuwar Motata

Da sunan Allah. Ina rubuta wannan da hankalina garau. Ƙirji ne ya gaza, ba kai ba, don haka kada wani ya ce zafin ciwo ne ya sa ubanku faɗa.

Na farko, motar. Na riga na ba 'yar'uwarku kyauta a gaban kawunku mai fenti, ba ta cikin gado. Dogo da Auta, ku sha mamakinku. A motar nan na ɗauko kowannenku daga asibiti yana jariri, uwarku na gefe tana cewa in rage gudu. Da injinta ya mutu na sauke shi, na gyara silinda, na sa sababbin fistan da ringi, ina aiki ina tari. Saura a zuba mai a tayar, ciwo ya kwantar da ni.

Sai kuka nuna mini irin 'ya'yan da na haifa. Kai Dogo, babba a banza, ka kinkimo galan ɗin man zamani mai santsin nan, wai ba a zuba wa motar uba mai araha. Auta ya hana, ka jefe shi da sifana, ta fasa fitilar da ba a samun irinta yanzu. Kai kuma Auta, ka bi layin gareji kana gaya wa kowa yayanka jahili ne. Har bakin gadona kuka zo kuna harare-harare, ina jan numfashi da ƙyar.

Na biyu, man. Dogo, kuskure ka yi. Sabon ringi sai ya ɗan goga jikin silinda kafin ya zauna. Man da ya cika santsi ba zai bari ba, injin ya yi ta hayaƙi da shan mai har ƙarshen ransa. A zuba baƙin mai na gargajiya, mai sinadarin da ke kare kamshaf ɗin tsoffin injuna. Na ajiye shi ƙarƙashin teburin aiki. Naka ka kai wa motocin kwastomominka.

Auta, rufe bakinka, kar ka yi dariya. Na ji kana cewa za ka bar injin yana sulo, ba a taka totur, don lallashi. Haka ake cinye kamshaf tun ranar farko. A tayar a ɗan ɗaga wuta, ana ƙarawa ana ragewa. In ya yi zafi sosai a kashe, a yi juye, a canza filta, a duba tsohon man a hasken rana ko da ɓurɓushin ƙarfe. Rabin abu ka sani kake wannan cika baki.

Na uku. Aikin nan na mutum biyu ne: ɗaya a kan totur, ɗaya a gaban inji yana lura da yoyo da zafi, kuma dole su riƙa magana da juna. Ban yarda bare ya taɓa ba. 'Yata, makullin gareji na hannunki. In suka zo tare, buɗe musu. In ɗaya ya zo shi kaɗai, ko kuka yake, ki rufe ƙofa. In sun ƙi har abada, kira masu gwangwan su yanka motar, su biyun suna kallo.

Kayan aikina kuwa ba za a raba ba. Akwati ɗaya ne, ya zauna a gareji ɗaya.

Ban huce ba, kuma ba zan yi muku ƙarya ina bakin kabari ba. Amma na yafe, don ba na so fushina ya bi ku. Allah Ya yi muku albarka, ku da 'ya'yanku. Ku riƙe 'yar'uwarku, ku riƙe juna. Dogo, kai za ka fara sallama.