Maganar da Na Sa a Bakinki, Inna

Zahir, Makka
Watan Sha'aban

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da addu'ar Allah ya ƙara haskaka makwancinki, Inna, ni ce 'yarki Saude. Muna nan lafiya a ɗakunan nan biyu na Zahir da kika bar mu a ciki. Maigidana Malam yana kan kekensa yana ɗinki, ni kuma ina suyar ƙosai da safe a bakin layi. Bana shekara bakwai ke nan da aka kai ki maƙabartar Ma'ala.

Na san takardar nan ba ta da inda za a aika ta. Amma akwai abin da na yi da sunanki, kuma gara ki ji shi daga wajena.

A gida za a yi zaɓe, saura kwana tara. Kin ga farkon abin kafin mu taso, lokacin da ake zuwa da mota bakin kasuwa ana magana ta lasifika, kina cewa su yi su tafi, sun firgita miki kaji. Yanzu ya wuce nan. Ko a nan Zahir, mazan da ke taruwa wajen mai shayi don jin rediyo bayan La'asar sun koma benci biyu. Babu ko ɗaya a cikinsu da zai jefa ƙuri'a, rabinsu ma ba su da iƙama, takardar izinin zama, amma musu suke yi har jijiyar wuya ta tashi. Wani Basakkwace da ya yi shekara uku yana sayen ƙosaina ya daina, wai an ga Malam a ɗaya bencin. Malam kuwa inuwa ya bi. Ni dai ko ina gida ba mai tambayata, tunda a wajenmu mata ba sa jefawa.

'Ya'yanki maza su ma sun rabu. Yaya Mamman yana tare da masu mulki. Haruna yana tare da 'yan hamayya, shi ke hawa keke yana kai saƙo ƙauyuka. Bara aka kama shi, wai ya yi taro ba izini. Ya yi wata uku a tsare, ya fito kunnensa na hagu ba ya ji. Mutane suka ce masa Yaya yana wurin da aka rubuta sunayen waɗanda za a kama. Yaya ya rantse ba ya nan. Ban san gaskiyar ba, kuma daga nan ba ni da hanyar sani.

A watan Rajab wani ɗan garinmu, Alhaji Tanko, ya zo Umra, ya kawo mini wasiƙa biyu a aljihu ɗaya, ta Yaya da ta Haruna. Ya ce kowannensu a ɓoye ya ba shi, kada ɗan'uwansa ya sani. Na karanta, sai na ga magana ɗaya ce. Za su raba gidanki. An riga an yi tubali, katanga za ta taso daga zaure ta bi ta gefen rijiya, Haruna ya fasa tasa ƙofar ta baya. Kowanne yana tambayata, tunda a hannuna kika cika, ko kin bar wasiyya a kan gidan. Shekara bakwai ba wanda ya taɓa tambayata abin da kika ce sai yanzu.

Alhaji Tanko ya ƙara mini abin da takardun ba su faɗa ba. Ya ce samarin ɓangarorin biyu da gora suke yawo, kuma ana ta maganar gidajen da za a ƙona in an faɗi sakamako. Ya ce, "Hajiya, muddin gidan nan ɗaya ne, ba mai sa masa wuta, don kowane ɓangare yana da mutum a ciki. Amma ranar da katanga ta tsaya, an san wanne ne na wa."

Kin san abin da kika faɗa, ni ma na sani. Zazzaɓi ya kama ki a Mina rana ta uku, muka dawo da ke nan. Ranar Alhamis da hantsi kika ce, "Saude, rufe mini ƙafa." Na rufe. Kika yi kalmar shahada, Malam yana tayawa. Ba ki ambaci gida ba, ba ki ambaci kowa ba.

Na yi kwana biyu da takardun a ƙarƙashin tabarma. A rana ta uku, da na sauke kasko, na wanke hannu na ɗauko alƙalami, na rubuta amsa biyu da ajamin da Baba ya koya mini, kalma ɗaya ba ta bambanta ba. Na ce kin ce: "Ki gaya wa Babba da Haruna, gidan nan da ƙofa ɗaya na bar shi. Wanda ya yi masa ta biyu, ban yafe ba."

Na kula na ce Babba, don na san ba ki taɓa kama sunan ɗan farinki ba, da na rubuta Mamman da sun gane. Har wannan wayon na yi, Inna. Ke da ban taɓa jin kin ce wa wani ban yafe ba, ko matar nan da ta yanke miki lalitarki a jirgin ruwa, cewa kika yi wataƙila ta fi ki buƙata.

Malam ya karanta kafin a rufe. Da ya gama ya ce, "Saude, kin san nauyin abin nan?" Na ce na sani. Ya naɗe ya kai wa Alhaji Tanko, bai sake tayar da zancen ba.

Makon jiya amsa ta iso ta gidan waya. Ba daga su ba, daga Asabe matar Yaya, ta sa aka rubuta mata. Ta ce lokacin da takarduna suka isa, katanga ta kai gwiwa. Haruna ya karanta tasa a zaure, ya yi kuka a gaban mutane. Yaya kuwa ya sallami magina. Katangar tana nan, ba a ƙara ba, ba a rushe ba, yara suna tsallake ta. Har yau su biyun ba sa gaisawa. Amma ta ce Yaya ya gaya mata ranar zaɓe, da ya jefa ƙuri'arsa, zai dawo ya shimfiɗa buzu a ƙofar zaure, ba zai tashi ba sai gari ya lafa. Bai faɗi dalili ba, ita ma ba ta tambaya ba.

A ƙarshen takardar ta ce Yaya yana tambaya, me ya sa Saude ta riƙe maganar Inna shekara bakwai ba ta faɗa ba. Ban amsa wannan ba tukuna.

Na je wajen wani tsohon malami Bakatsine da ke karantarwa kusa da Harami, na gaya masa komai, matarsa tana zaune. Ya saurara har na gama. Ya ce, "Sulhu tsakanin 'yan'uwa babban abu ne, 'yata. Sai dai ita mahaifiyar taki ba ta da bakin cewa ban faɗa ba." Na jira ko zai ƙara wani abu. Bai ƙara ba, sai ya yi mini addu'a.

Abin da ya fi damuna, Inna, shi ne na fara jin maganar da muryarki. In ina juya ƙosai sai ta zo mini, da yadda kike jan sunan Haruna, da ɗan tarin nan da kike yi kafin ki faɗi magana mai nauyi. Wani lokaci sai na tsaya na tuna wa kaina cewa ni na ƙaga ta. Ina tsoron ranar da zan manta ainihin abin da kika ce, in riƙe nawa. Shi ya sa na rubuta shi a nan.

Ban san wanda zai ci zaɓen ba. Masu benci biyu kowa ya tabbata nasa ne. Ni abin da nake jira bai kai nasu girma ba: takarda daga Asabe da za ta ce kowa yana nan, an ɗauki azumi a gidan. In ta zo, bayan Sallah zan rubuta musu gaskiya. Wataƙila su yi fushi da ni, wataƙila su haɗu a kan fushin. Na yarda da hakan.

Ki yafe mini, Innata. Ba ki taɓa ɗaure 'ya'yanki da baki ba, ni na ɗaure su da naki. In an tambaye ki, ki ce Saude ce.

Allah ya jiƙan ki, ya yalwata kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Allah ya tsare Yaya da Haruna da iyalansu, ya sa a jefa ƙuri'a a koma gida lafiya, wanda ya ci da wanda ya faɗi. Allah ya zaunar da ƙasarmu. Ni kuma ya dubi niyyata, ya yafe mini abin da hannuna ya rubuta. Amin.

'Yarki mai neman gafararki,
Saude