Ban Ruwan Ƙafar Baba

Zuwa ga 'yata Auta,

Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya, ke da na'urorinki. Ƙafar da na karya a faɗuwar tsani ta daina ciwo, filastar da likita ya ɗaura ce kawai ke sa ni ƙaiƙayi. Mai gidan da nake ginawa ya fara zancen neman wani magini, ni kuwa ban taɓa barin gini a rabi ba. Ina da zarto, zan yanke abar nan in koma aiki. Tunda ƙashi kike bincike, ki goyi bayana.

Mahaifinki.

Baba,

Ina gaishe ka da jiki. Don Allah ajiye zarton! Kullum ina kallon ƙashi a madubin bincike. Jiki yakan fara shimfiɗa zaruruwa masu laushi, kamar rodi. Sai sinadaran kalsiyam da fosfet su riƙa haɗuwa suna zama 'yan duwatsu sirara, waɗanda ido ba ya gani, suna jeruwa a tsakanin zaruruwan, kowanne da ɗan lulluɓin ruwa a jikinsa. Naka yanzu ɗanyen siminti ne. Kai da kake korar lebura idan ya cire katako kafin simintin rufin bene ya kama? Ka yi haƙuri ya kama, ina tsoron ka gurgunce.

'Yarka mai biyayya.

Auta,

Gaisuwa mai yawa. Ke da ubanki sai kun kashe ni da dariya. Wasiƙarki ta yi aiki, har ta wuce gona da iri. Ya ajiye zarto, ya ɗauki buta. Safe da yamma sai ya miƙe ƙafa a kan kujera yana yayyafa wa filasta ruwa. Na ce, "Malam, lafiya?" Ya ce, "Ke ba ki san gini ba. Siminti in ba a ba shi ruwa ba tsagewa yake, 'yata ma ta faɗa." Filasta ta jiƙe ta yi laɓo-laɓo, muka kwashe shi sai asibiti. Likita ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce Allah ya taimaka ƙashin bai goce ba. An sa sabuwa. Ki rubuto ki gaya masa ruwan a baki ake zuba shi, ni ba ya jin tawa.

Mamanki.

Auta,

Bayan gaisuwa. An cire filastar. Likita ya nuna mini hoton ƙashin, na bi wurin haɗin da idon magini ban ga tsaga ba. Aikin ya yi kyau, ko ni sai haka. Yau na taka da ƙafata har wurin ginin, na tarar mai gidan bai ba kowa ba. Na zauna a kan bulo ina hawaye don murna, leburori na ta yi mini dariya. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki.