Zuwa ga Baba, a kan hotunan tsuntsayen teku

Assalamu alaikum Baba, bayan gaisuwar ɗa ga mahaifinsa da ya riga shi tafiya.

Har yau idan na ga kwalekwale sai kunyar shekarar 1988 ta dawo mini sabuwa. Ina karatu a Bloomsbury, can ƙasar Turawa, na cika 'yan ajinmu da labarinka: ni ɗan Sarkin Ruwa ne daga Yawuri, a cikin jirgi na koyi tafiya. Da suka shirya zuwa wani tsibiri ɗaukar hoton tsuntsaye, ni na kama mana gurbi a jirgin ruwa. Na ari kyamarar Malam Isaka, maƙwabcina mutumin Kumasi da ke ɗinki a Tottenham.

Baba, ko rabin hanya ba mu kai ba amai ya taso mini. Teku ba kogin Kwara ba ce. Na kwanta a ƙasan jirgin na rungume bokiti, abokaina suna ta ihun ga tsuntsaye masu jan baki, ga karnukan ruwa kwance kan duwatsu. Wata tsohuwa Baturiya ta lulluɓe ni da rigar ruwanta, ta karɓi kyamarar ta riƙa ɗaukar mini.

Da aka wanke hotunan, sauri ya sa na turo maka su duka ba tare da na duba ba. Ashe ta ɗauke ni ni ma, baki buɗe, ga bokiti. Yaya Sani ya ce a bakin kogi ka buɗe su, gaban masunta, hoton ya bi hannu hannu har wajen mata masu bandar kifi. Wata guda na kasa rubuto maka ko gaisuwa.

Da na dawo hutu, kana gyaran komar kamun kifi a zaure. Na durƙusa ina jiran faɗa. Ba ka ɗago ba, ka ce, "Ruwan gishiri bai san gidanmu ba. Amma tsuntsayen nan, ka gan su da idonka?"

Na ce ko ɗaya ban gani ba.

Ka yi dariya har da hawaye, ka matsa mini gefen tabarma, ka shimfiɗa hotunan muka kalla tare, kana nuna mini wanda ya fi iya kama kifi.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya sanyaya makwancinka, Ya shayar da kai daga Alkausara.

Ɗanka,
Bala