Hular Taurari da Gidanmu na Soron Ɗinki

Soron Ɗinki, Kano, Yuni 1999

Zuwa ga ƙanena Mikail,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kamar yadda muke a nan. Allah ya ƙara basira, ya tsare ka a ƙasar mutane. Ƙafar Gwaggo Zinariya ta yi sauƙi, Mero kuma ta sauka lafiya, an samu mace.

Hoton da ka aiko ya iso, kuma mun yaba ƙwarai. Ba kowane gida ke da ɗan da zai yi shekaru a Turai ya aiko wa dangi hoton riɗi da ya zube a baƙin zane ba. Haka Gwaggo ta ɗauka, sai da na karanta mata bayaninka: wai dunƙulen taurari ne, dubbai a cure wuri ɗaya, sun girmi sauran, kuma da su kuke gane yadda babban garin taurarin nan da kuke kira galaksi ya ginu. Ka ce babban gari kan haɗiye ƙananan da ke kusa da shi, sai dunƙulen su rage suna shaida cewa an taɓa yin wani gari a wurin. Gwaggo ta ce ashe can ma haka ake yi.

Iliminka dai bai tashi a banza ba. Isiyaku ya ɗinka hoton a hula, tsakiya a cike, gefe a warwatse. Tunda soja suka koma bariki kowa ya zama ɗan siyasa, ɗan siyasa kuwa sai da sabuwar hula. Yanzu allura ba ta hutawa a soronmu. Ni nake kaiwa kasuwa, ina ce musu zanen Turai ne, kuma ban yi ƙarya ba.

Cikin masu saya har da maƙwabcinmu Alhaji Ado, wanda ya ci kansila. Ya zo karɓar hula, ya tsaya yana auna soron da ido. Ya riga ya saye gidan gabas da na bayanmu, namu ya rage, kuma ya taya. Baba Ilu ya ce ya gaji da yaɓe duk shekara, a sayar. Isiyaku da Gwaggo sun ƙi. Ni ka san ni, inda aka rinjaya nan nake. Saura kai. Baba ya ce ba zai karɓi ra'ayi a takarda ba, mai gado ya zo ya zauna a tabarma ya faɗa da bakinsa, kuma ba zai jira ya wuce kaka ba. Kai ka ce ba za ka dawo ba sai soja sun sauka. To, sun sauka.

Gwaggo, Baba Ilu, Mero da Isiyaku duk suna gaishe ka. Ka gai da mai ɗakinka Sa'ida.

Yayanka,
Nata'ala

Af, na manta. Idan Alhaji Ado ya haɗiye gidan, madubin hangen nesan nan naku zai iya nuno maka inda yake a da?